Bindiga a Bakin Aiki a Matazu

Hare-haren 'yan bindiga sun sa wasu manoman Matazu a Jihar Katsina fita gona da bindigar toka a kafaɗa. A 2021 Gwamna Aminu Masari ya shawarci Katsinawa su kare kansu, sai dai Dokar Makamai ta 1959 ta wajabta lasisin riƙe bindiga. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma.

Riƙon makami a bakin aiki amana ce mai nauyi. Bai halatta a ɗaga shi kan rigimar iyakar gona ko kuɗin ƙwadago ba, ko a jingine shi inda yara masu kai abinci za su taɓa. Wanda ake zargi da hannu a hare-hare kuwa, hukuma ake miƙa wa, domin kisa bisa zato ramuwar gayya yake jawo wa ƙauye.