Dakarun Jiki da Masu Tsawata Musu

A tsohon tsarin sarautar Daura, Kaura ne ke jagorantar mayaƙa, amma akwai fada a bayansa wadda ke iya cewa a mayar da takobi kube. Rundunar da ba ta da mai tsawata mata, wata rana garinsu za ta ci.

Haka abin yake a jikin ɗan Adam. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda ake kira ƙwayoyin T, masu samun horo a wani ƙullutu da ke bayan ƙashin ƙirji. Aikinsu kashe baƙin ƙwayoyin cuta. To, amma wasunsu kan fito ba su iya bambanta baƙo da ɗan gida ba. A shekarar 1995 wani masani ɗan Japan, Shimon Sakaguchi, ya gano wani ƙaramin rukuni daga cikinsu wanda ba ya yaƙi, sai dai ya riƙe linzamin sauran. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka suka gano ƙwayar gadon da ake kira Foxp3, wadda in ta lalace jikin jariri kan afka wa kansa. Su ukun aka ba kyautar Nobel a 2025.

Bahaushe yana da kalma ɗaya, watau "sanyi", da yake jibga wa ciwon gaɓoɓi iri-iri, kuma nan ne harshe ke cutar da mai shi. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 a Baure ko Zango ko Mai'aduwa zai yi ciwon maƙogwaro, ya warke. Bayan mako 2 ko 3 sai zazzaɓi, gwiwa ta kumbura, gobe ciwon ya koma idon sawu. Sai a ce sanyi ne, a nemo man shafawa. Alhali dakarun da suka tashi yaƙar ƙwayar maƙogwaro ne suka juya kan gaɓoɓi, har da ƙofofin zuciya, domin kamannin da ke tsakaninsu. Gwiwar takan warke, amma tabon zuciya yakan zauna, sai bayan shekaru ya bayyana, sau da yawa lokacin da yarinya ta girma ta ɗauki ciki.

Masana na gwajin yadda za a ƙarfafa masu riƙe linzamin nan don magance irin waɗannan cututtuka. Kafin nan, maganin fenisilin da aka ba yaro tun yana ciwon maƙogwaro yana tare wannan ɓarna, kuma ba shi da tsada.