Gangaren Dutse Ba Ya Karɓar Uzuri

Wannan shi ne jawabin da wani dattijo, tsohon direban babbar mota, ya yi wa taron direbobi da masu motoci da fataken Arewa a Trans-Amadi ta birnin Fatakwal. Mun buga shi don amfanin 'yan'uwa mazauna Anacha da Inugu da sauran garuruwan Kudu.



Ran nan wani jikana ya nuna mini hoton wata irin mota da Turawa ke yawon shan iska da ita a Amurka da ƙasashen Turai. A cikinta akwai gado, da murhun girki, da makewayi, har da firiji. Mutum ya kwashi iyalinsa su nufi cikin duwatsu, inda dare ya yi musu nan ne gida. Yaron yana ta mamaki, ni kuwa dariya na yi, gama shekara talatin da ɗoriya na yi ina kwana a bayan kujerar direba, daga ni sai buzun salla, da risho, da butar shayi, da jarkar ruwa. Su nishaɗi ya fitar da su, mu neman abinci. Su in mota ta lalace hutu ne ya ɓaci, mu kuwa tumatir ɗin mutane ne ke ruɓewa a bodi, ko kuwa shanu su soma kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Amma fa dutse bai san wannan bambanci ba. Abin da yake yi wa birkin Bature shi yake yi wa namu, kuma a kan wannan aka ce in yi muku magana yau.

Mu da muke zaune a bakin ruwa mukan manta irin tudun da ke tsakaninmu da gida. Fatakwal kusan daidai take da teku, Jos kuwa tana bisa wajen ƙafa 4,000, watau mita 1,200. Duk wanda ya ɗauko taki daga Eleme, ko man ja, ko katako, ya nufi Jos, lalle ne injinsa ya ɗaga wannan kaya zuwa can sama. Wanda kuma ya ɗauko dankalin Turawa da kabeji daga Jos, lalle ne birkinsa da giyarsa su sauko da su lafiya. A hanya akwai wurare uku da kowane direba ya san su kamar sunan ubansa. Na farko tsaunin Udi, wanda birnin Inugu ke kwance a gindinsa. Tsohuwar hanya ta bi ta tudun Milikin mai kwana-kwana, babbar hanyar Anacha zuwa Inugu kuma ta gangaro ta Ugwu Onyeama bayan an wuce mahaɗar Nayin Mayil. Na biyu tudun da ke tsakanin Lafiya da Akwanga, wajen Nasarawa Eggon, wanda matafiya suka laƙaba wa wani suna na Turanci mai ma'anar "da yawa sun tafi". Na uku kuwa babbansu, Hawan Kibo, a ƙasar Riyom, inda hanya ke barin ƙasa ta kama dutsen Jos sosai. Masu zuwa Gembu ɗauko kaya za su ce duk waɗannan wasan yara ne in an gwada su da hawan Mambila daga Mayo Selbe, ni ma ban yi musu ba.

Bari in fara da hawa, don shi ne mai sauƙi, ko da yake shi ya fi ba sabon direba tsoro.

Inji da iska yake numfashi kamar ɗan Adam, kuma ko'ina aka ƙara tudu iska ƙara sirancewa take yi. Masana inji sun ce motar da ba ta da tabo, irin tsofaffin rokokinmu, tana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinta a kowace ƙafa 1,000. Ku lissafa da kanku abin da ta rasa kafin ta kai Jos. Sa'an nan ga wani abu: ruwan da ke tafasa a digiri 100 a nan Fatakwal, a Jos tun wajen digiri 96 yake tafasa. Ga ƙarfi ya ragu, ga kaya bai ragu ba, ga mota tana rarrafe a giya ta ɗaya ko ta biyu, babu iskar gudu da za ta sanyaya lagireto sai abin da fanka ta jawo. Shi ya sa duk wata cuta da mota ta ɓoye a shimfiɗaɗɗiyar hanya, a hawa take bayyana ta.

Ni a jikina na koyi wannan, tun ina yaron mota. Muka yi lodin gishiri a garin nan. Maigidana direba ya duba fanbel ya ga ya tsattsage, allurar zafi kuma ta daɗe da mutuwa. Ya je ya gaya wa mai mota, mai mota ya ce a lallaɓa, in mun dawo a canza. Muka lallaɓa har muka wuce Aba, muka wuce Inugu, muka haye gadar Makurɗi, maigidana har ya soma cewa ashe tsoronsa ne ya yi yawa. Muna tsakiyar Hawan Kibo da hantsi, fanbel ya tsinke. Da yake allura ba ta aiki, ba mu farga ba sai da tururi ya turnuƙe gilashi. Na diro da weji na cusa a bayan taya, mota tana neman komawa da baya, na ƙara da duwatsu har hannuna ya fashe. Wannan tabon da kuke gani a damtsena kuwa na gaggawa ne: na buɗe murfin lagireto tun bai huce ba. Yaran mota, ku dube shi da kyau.

Gaskit ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. Kwana huɗu muka yi a gefen hanya, ga sanyin Jos da ba mu zo da shirinsa ba, mun shimfiɗa ganye a kwalta don masu tahowa, kowace babbar mota ta karyo kwana sai gabanmu ya faɗi. Mutanen ƙauyen da ke kusa, Allah Ya saka musu, su suka riƙa sayar mana da abinci, wata tsohuwa har ta ara mana bargo. Sai da aka ɗauko bakanike daga Bukuru, aka kai kan injin aka goge, aka dawo da shi. Abin da mai mota ya kashe ya isa ya sayi fanbel fiye da arba'in, kuma a kan maigidana ya sauke fushinsa.

To, wannan asarar dukiya ce, ana mayar da ita. Gangara ita ce mai cin rai, kuma mu nan ta fi shafa, domin motocin da ke kawo mana shanu da albasa da tumatir, da cikakken lodi suke gangarowa.

Jama'a, birki ba wani sihiri ba ne. Aikinsa ɗaya: ya mai da gudu ya zama zafi, ta hanyar goga. In aka taka shi aka saki, ƙarfe ya sami sararin hucewa. In aka ɗora ƙafa a kai tun daga saman tudu, da tan 30 a baya, sai gangar birki ta yi zafi ta buɗe, fatar birki ta yi santsi kamar tangaran, ka taka har ƙasa mota tana ƙara gudu. Shi ne za ku ji an ce birki ya shanye. Birkin bai shanye don kansa ba, dafa shi aka yi. Motar iska kuma tana da tata matsalar: inji ne ke juya famfon da ke cika tankin iska, saboda haka wanda ya riƙa bubbuga birki ba ƙaƙƙautawa, yana zubar da iskar fiye da yadda famfo ke mayarwa.

Dokar da magabatanmu suka koya mana ba ta tsufa ba: giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka, kuma tun a sama za ka sa ta, kafin hancin mota ya sunkuya. In ka bari ta ɗauki gudu, giyar ba za ta shiga ba, sai ka tsinci kanka a firi da sitiyari kawai a hannu. Inji shi ne babban birki, da birkin salansa ga masu shi, na ƙafa mataimaki ne.

Kowa a nan ya san wannan doka. To, me ya sa ake karya ta? A nan zan faɗi abin da ba a so, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mai mota yakan auna wa direba kuɗin gas daidai wa daida, wani lokaci ma ƙasa da abin da hanya ke ci, bai ware kuɗin gyara ba, bai lissafa abin da ake karɓa a shingaye ba. Tun da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a shekarar 2022, abin ya ƙara muni. Sai direba ya ga ba inda zai tsira da ɗan abin kai wa iyali sai a gangara, ya zare giya ya bar mota a firi, wai yana tattalin mai. Ina roƙonku ku saurari wannan da kyau: injin gas da ke gangara cikin giya, ƙafa kuma ba ta kan totur, kusan ba ya shan komai, domin nauyin mota ne ke juya shi, famfon mai yana yanke mai da kansa. Wanda ke firi ne ma yake shan mai, don sai ya sha zai ci gaba da juyawa. Abin da ake ci a firi ɗan gudu ne kawai da za a shiga da shi hanya mai shimfiɗa, wanda bai kai kuɗin kwanon tuwo ba. A kan wannan na yi wa abokai uku salla.

Kada ku ce mu kaɗai ne. A watan Afrilu na 2019, a Jihar Kolorado ta Amurka, wani matashin direba ya gangaro daga duwatsu da lodin katako, birki ya ƙone, ya afka cikin jerin motoci, mutum huɗu suka mutu. Kotu ta yanke masa shekara 110, daga baya gwamnan jihar ya rage zuwa 10. Abin da ya fi ɗaure shi a shari'a shi ne ya wuce wata hanyar tsira bai shiga ba. Watau a can, a manyan gangare, sukan fitar da wani ɗan reshe daga hanya, su cika shi da tsakuwa mai zurfi, motar da birkinta ya mutu ta faɗa ciki ta nutse ta tsaya. Tsakuwa ce fa kawai da tona. In shugabannin ƙungiyarmu za su je gaban Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, ko gaban ma'aikatar ayyuka, ga abin da ya kamata su roƙa wa Hawan Kibo da Ugwu Onyeama, maimakon su tsaya kan maganar tara kaɗai.

Sa'an nan akwai abin da yake hannunmu, ba sai mun jira kowa ba. Lalacewar mota a Kudu ba ɗaya take da lalacewa a Zariya ba. A can ko'ina ka tsaya kana da wanda zai ji harshenka. A nan baƙo ne kai, da dukiyar mutane a bayanka, kuma duk wanda ya bi hanyoyin Gabas bayan watan Agusta na 2021, lokacin da aka soma zaman gida na ranar Litinin, ya san abin da ake nufi da mota ta mutu maka daren Lahadi. Amma ba mu rasa gata ba. Muna da mutane a Obolo-Afo, da Gariki ta Inugu, da kasuwar shanu ta Lokpanta, da bakin gada a Anacha. Kakanninmu ba jiya suka zo ba. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, bafatake mai shanu daga lardin Sakkwato, har Magajin Garin Inugu ya zama, da ƙuri'ar mutanen garin. Abin da ya rage mana tsari ne. Yau in mota ta lalace a Ugwu Onyeama, direba sai ya yi ta kiran mai mota a Kano, mai mota ya kira mai kaya, mai kaya ya kira dillali, ana ta gardamar wa zai biya janwe, shanu kuwa suna tsaye a rana ba ruwa. Ku tuna kuma, in mota ta kwashe ta faɗa wa masu talla a gefen hanya, ba direban kaɗai za a nema ba, har mai shayi da mai gyaran takalmi da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Saboda haka ina da roƙo biyu ga wannan taro. Na farko ga masu motoci: a rubuta kuɗin gyara dabam da kuɗin gas, kuma in direba ya ce fatar birki ta cinye ko taya ta suɗe, maganarsa ta isa a fasa tafiya ba tare da an karɓe masa makulli ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mu kuma direbobi mu riƙe namu alkawarin: a zubar da ruwan tankin iska kowace safiya, a ɗaure notin taya, a tafi da fanbel da tiyo da safaya mai rai, kuma a tsaya a Nayin Mayil da saman Hawan Kibo a zaga mota, a kara hannu kusa da kowace ganga a ji zafinta kafin a sunkuya.

Na biyu ga mu duka, har da fatake, don kayanku ne a bodi: a kafa asusu, kowace mota da ta sauke kaya a garin nan ta sa wani abu kaɗan, a ajiye a hannun amintattu uku, ba mutum ɗaya ba. Mota ta lalace, a fitar a biya janwe ko motar da za a juye wa kaya nan take, lissafi ya biyo baya. A kuma nemi bakanike ɗaya da aka yarda da shi a kowane zango, ko ɗan gari ne ko namu. Ni dai wanda ya fi kowa cetona a Inugu Ibo ne, ya taɓa tasowa ƙarfe biyun dare da fitila a baki ya ɗaure mini tiyon iska. Na yi magana da dattawan Lokpanta sun ce in Fatakwal ta fara za su bi. Magatakarda yana bakin ƙofa da littafi, wanda ya yarda ya ba da lambar motarsa kafin a tashi salla.