Jawabi Kan Aikin Hannu Na 'Ya'yanmu A Makaranta

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, malamai, 'yan'uwa maza da mata.

Maganarmu ta yau a kan tarkacen nan ne da yara ke tarawa su kai makaranta: gwangwanin madara, ledar ruwa, kwali, marfin kwalba. Ƙorafi ya iso mana, wasu iyaye na cewa sun tura yaro neman ilmi an mai da shi ɗan bola. To, a yi haƙuri a saurare mu.

Mu ma fa muna yara mun ƙera motar kara da ta langa-langa, ba wanda ya lalace. Abin da ya canza ita ce sharar kanta. Kakanninmu da suka biyo layin dogo zuwa Nguru bayan isowarsa a 1930, da ganye da kwandon kaba suke ciniki, in an yar ƙasa ta cinye. Leda kuwa ba ta ruɓewa. Ita ke toshe magudana da damina, ita akuya ke haɗiya ta yi ta ramewa har ta mutu. A tambayi mahautanmu abin da suke tararwa cikin tumbi. Saura kuma iska ta kwashe zuwa tafkin Nguru, ko Kogin Yobe a Gashuwa.

Ruwan nan da ma yana fama da nasa ciwon. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamunmu ta ragu, ga kacalla ta cinye hanyoyin ruwa. Masunta da manoman shinkafa sun fi mu sani.

Yaro ba zai gane wannan a kan allo ba. Amma a sa shi ya binne ɓawon mangwaro da leda, bayan wata biyu ya tono, ya gani da idonsa. Wanda ya cika ledar ruwa da ƙasa ya reni dashen darbejiya, ko yarinyar da ta tufka igiya da ledar da ta tsinta, ba sai an yi musu dogon turanci ba.

Roƙonmu ga iyaye mata: a riƙa wanke kayan nan a ajiye wa yara a gida, kada su shiga juji. Malamai kuma, don Allah, kada a karɓi robar maganin feshi, ko sirinji, ko tsohon batir, ko da an ce an wanke.