Gubar Da Ba Ta Da Wari

A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai 'yar tukunyar nukiliya ta nazari, wadda aka kunna a 2004 da ƙarfin kilowat 30 kacal. Amma tun da ana maganar gina manya a ƙasar nan, haƙƙin manomi da makiyayi ne a bayyana musu haƙiƙanin haɗarinsu. Idan ruwan da ke sanyaya sandunan yuraniyom na cikin tukunyar ya yanke, zafi ya wuce haddi har kwansonsu ya tsage, sai gubar da ta taru a ciki ta bi iska, musamman aidin-131 da siziyom-137, kamar yadda ya auku a Fukushima ta Japan a 2011. Aidin kan sauka bisa ciyawa, saniya ta ci, ya shiga nono, ya taru a wuyan yaro inda maƙoƙo ke fitowa, wanda shi ne musabbabin sankarar da ta kama dubban yara bayan musibar tashar nukiliya ta Canobil a 1986. Rabin ƙarfin aidin kan gushe cikin kwana 8. Na siziyom kuwa, wanda ke maƙalewa a ƙasar noma irin fadamun albasarmu, sai bayan shekara 30.