LITTAFI MAI TSARKI NA IYALI: GĀDONMU DA TARIHINMU



Littafin Firistoci 25:10 ya koya mana cewa shekara ta hamsin shekara ce ta komawar kowa ga gādonsa da danginsa. Saboda haka a wannan biki muna so mu tuna da wani gādo da ke cikin akwatunan gidajenmu, wato tsohon Littafi Mai Tsarki na iyayenmu.

A Ingila, sai a 1837 gwamnati ta soma rajistar haihuwa, aure da mutuwa. Tun kafin wannan, iyalai da yawa suna rubuta waɗannan ranaku cikin Littafinsu na gida, har masu ɗab'i suka riƙa barin fararen shafuka tsakanin Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari domin haka. Mu kuwa, an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ta wurin aikin Likita Miller da abokan aikinsa. Iyayenmu da suka koyi karatu a ajin baftisma suka sayi nasu da kuɗin guminsu. A bayan bango suka rubuta ranar baftismarsu, ranar aurensu da sunayen 'ya'yansu, har da waɗanda suka rasu suna jarirai, waɗanda ba a rubuta sunansu a ko'ina ba sai nan.

'Yan'uwa, asali ba abin wasa ba ne. Bisharar Matiyu da jerin kakanni ta fara. A Nehemiya 7:64 kuma, waɗansu sun nemi sunayensu cikin littafin asali ba su samu ba, aka fitar da su daga aikin firist. Yau ma mutum nawa ne ke zuwa kotu rantsuwar shekaru, alhali ranar haihuwarsa tana rubuce da hannun mahaifinsa?

Abin baƙin ciki, gara da ɗanshi suna cinye waɗannan littattafai. Waɗansu an binne su tare da masu su, waɗansu kuma an yar da su da aka sayi sabo. Don haka muna roƙon kowane gida abu huɗu:

1. A naɗe Littafin cikin ƙyalle mai tsabta, a ajiye inda ruwa ba ya kaiwa.
2. Kada a liƙe shafin da ya yage da salatif, gama yana ɓata takarda.
3. A kwafe sunayen, a kawo wa sakataren ikilisiya.
4. A zauna da tsofaffi tun suna da rai, su faɗa mana ko wane ne kowane suna.

Bangaskiyar Timoti ta fara zama cikin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki (2 Timoti 1:5). Bari jikokinmu su buɗe Littafin, su ga sunayenmu, su kuma karanta Maganar da ke ciki.

Allah ya albarkace mu duka. Amin.