Maganaɗisu da Ƙofofin Ƙwayar Halitta



Bari in fara da barkono. Zafin da kuke ji a harshe aikin wata 'yar ƙofa ce a fatar ƙwayar jijiya, sunanta TRPV1. David Julius ne ya gano ta a 1997, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2021. Barkono na buɗe ta, haka ma zafin da ya haura digiri 43. Da ta buɗe sai kalsiyam ya kwarara ciki, jijiya ta aika saƙo. Duk wanda ya riƙe mabuɗin wannan ƙofa, to jijiyar tana hannunsa.

Tun 2005 ana buɗe irin waɗannan ƙofofi da haske, amma sai an huda ƙoƙon kai an zura zaren haske. Maganaɗisu kuwa yana ratsa nama da ƙashi ba tare da wuƙa ba. Saura a samu abin da zai amsa kiransa a cikin ƙwaya, shi ya sa aka waiwayi feritin, rumbun da jiki ke ajiyar ƙarfe. Furotin ne mai ɓangarori 24, faɗinsa nanomita 12, yana ɗaukar ƙwayoyin zarra na ƙarfe har kusan 4,500.

A Jami'ar Rockefeller da ke Amurka, Sarah Stanley da Jeffrey Friedman suka ɗaure feritin a jikin TRPV1. A 2015 suka ba da rahoton cewa da igiyar rediyo ko maganaɗisu sun sa ƙwayoyi fitar da insulin, sukarin jinin ɓeraye ya sauka. A 2016 Ali Güler na Jami'ar Bajiniya ya yi makamancin haka da ƙofar TRPV4, ya raɗa wa haɗin suna Magneto.

Ana cikin tafi sai Markus Meister na Caltech ya ɗauki alƙalami. Ni a nan labarin ya fi yi mini daɗi, domin mutumin ko ɓera ɗaya bai taɓa ba, lissafi kawai ya yi. Ƙarfen cikin feritin ba irin na ƙusa ba ne, dangin tsatsa ne, da ƙyar yake jin maganaɗisu. Meister ya nuna cewa jan da zai yi wa ƙofar, ko ɗumin da zai haifar, ya gaza abin da ake buƙata da ninki 100,000 har zuwa biliyan 10. Kamar a ce tururuwa ce ta ture ƙyauren ƙofar gari. Daga baya ɗakunan bincike uku suka gwada Magneto, jijiyoyi suka yi shiru.

To, ƙarya aka yi? Ban ce ba. Ƙungiyar Chunlei Liu a Berkeley ta kawo wani bayani a 2020: igiyar rediyo na sa feritin ya saki ƙarfe kaɗan, ƙarfen ya tayar da sinadaran iskar oksijin masu cin kitse, kitsen fatar ƙwaya ya sauya, shi kuma ya buɗe ƙofar. Wato sinadari ne ke aikin, ba ja ba. Sai dai wannan hanya tana da nawa, jijiya kuwa cikin ƙiftawar ido take magana.

Hukuncina shi ne, akwai abin da ke faruwa a ƙofar, amma bayanin farko, na ja ko ɗumi, ya faɗi, na biyu kuma yana jiran ƙarin shaidu. Ɗaliban nazarin halittu, don Allah ku daina gudun ajin fiziks.