Birkin da ke Kama Kansa



Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 cikin kowane sakan guda. Direba kuwa, ko da hankalinsa na kan hanya, yakan ɗauki sakan ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ƙafarsa ta bar totur ta isa birki. Ashe ke nan motar ta yi tafiyar mita 30 ko 40 ba wanda ya tsawata mata. Wannan ɗan tsakani shi ne abin da injiniyoyi suka tashi ragewa, har suka ƙago birki mai kama kansa.

Idanun na'urar biyu ne. Na farko shi ne rada, wadda ake ɓoyewa a hancin mota. Aikinta irin na jemage ne: ta aika da igiyar rediyo, ta jira amsa-kuwwa, daga jinkirin dawowar ta san nisan abin da ke gaba. Haka kuma tana gane gudunsa, kamar yadda kunnenmu ke bambanta jiniyar da ke tahowa da wadda ta wuce. Na biyu kyamara ce a saman gilashin gaba, ita ce ke tantance ko mota ce, ko mutum, ko mai keke.

To, a nan nake so mu natsu. Kwamfutar motar ba nisa kaɗai take dubawa ba, lokaci take lissafawa. A ce kana gudun kilomita 60, wato mita 17 a sakan, ga wata mota mita 34 a gabanka. In gudunku ɗaya, babu abin tsoro. In kuwa a tsaye take, saura sakan biyu ku haɗu. Da zarar lissafin ya yi ƙasa sai na'urar ta yi ƙara, ta kunna fitila, ta kuma ɗana birki. Idan direba ya taka da sanyin ƙafa, ta ƙara masa ƙarfi. Idan bai motsa ba, ta kama da kanta.

Wani zai ce, in ba ta tsayar da motar sarai ba, mene ne amfaninta? Amsa ita ce, ƙarfin karo ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Motar da aka rage mata gudu daga 60 zuwa 30, ƙarfin dukanta ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Tsakanin jinya da jana'iza, sau da yawa iyakar bambancin ke nan.

Kamfanin Honda ya fito da irin wannan birki a Japan a 2003, Volvo ya biyo da nasa na cikin gari a 2008. Tarayyar Turai ta wajabta shi ga kowace sabuwar ƙaramar mota daga Yulin 2024. Binciken da cibiyar kamfanonin inshora ta Amurka ta yi a 2017 ya nuna ya rage karo ta baya da rabi, alhali gargaɗi kaɗai ya rage kashi 27 cikin ɗari. Amma cibiyar ta sake ganowa a 2022 cewa a hanya mai duhu, marar fitilun titi, bai tsinana wa masu tafiya a ƙasa komai ba.

Wannan ya shafe mu, domin motocin Kwatano da ke shigo mana sun fara zuwa da shi. Hazon hunturu yana dushe kyamara, taɓon damina yana iya toshe rada. Abin da ya fi damuna shi ne gyara. Motar da aka sauya mata gilashin gaba, ko aka buga mata bamba bayan haɗari, dole a sake saita idanunta da na'ura. Kaucewar da ido ba zai gani ba a gareji, a nisan mita 100 ta isa ta sa rada ta kalli wani layin dabam. Saboda haka duk wanda zai sayi irin wannan mota, ya fara tambayar ko an taɓa gabanta, kuma wa ya saita.